Yaƙi a Kan Tebur: Tarihin 'Yan Mutanen Dalma da Mujallun Dusa

A gidan adana kayan tarihi na birnin Alƙahira akwai wasu runduna biyu da suka yi kusan shekara dubu huɗu a tsaye cikin sahu. An sassaƙa su da itace, kowace runduna mutum arba'in, ɗaya ta Misirawa masu māsu da garkuwa, ɗaya kuma ta baƙaƙen maharba 'yan ƙasar Nuba riƙe da baka da kibau. A kabarin wani hakimi mai suna Mesehti aka tono su a Asyut, inda aka binne su tare da shi don su yi masa dogarci a lahira, kamar yadda mutanen wancan zamani suka yi imani. Mun fara da su ne domin mai karatu ya san cewa ɗabi'ar ɗan'adam ta ƙanƙanta mayaƙi ya jera shi a gabansa tsohuwa ce ƙwarai, kuma tun a farkon lamarin akwai baƙar fata cikin sahun.

Abin da muke son bin diddiginsa a wannan maƙala shi ne wani reshe na wannan ɗabi'a da ya yi ƙarfi a Ingila da Amurka da Kanada. A can za ka tarar da dattijo mai furfura, likita ko malamin makaranta ko akawu, yana tara 'yan mutum-mutumi na ƙarfe waɗanda tsawon kowane bai wuce gaɓar yatsa ba, yana yi musu fenti da hannunsa, ran hutu kuma ya gayyato abokai su shimfiɗa daji ko hamada ko kangon tsohon birni a kan tebur, su yi ta wasa da ƙwayar ludo da ma'aunin inci har dare ya raba. Mutanen nan na ƙarfe ba sojojin wani sananne yaƙi ba ne. Akwai Bature mai malafa da bulala, da matuƙin jirgin sama, da ɗan leƙen asiri, da mahaukacin masani, da goggon biri, da boka mai abin wuya na haƙora, da 'yan dako ɗauke da akwatuna a ka. Dukkansu daga wani irin adabi suka fito wanda ya yi tashe a Amurka tsakanin 1896 da wajen 1950. Bahaushe na iya cewa wannan ai wasan yara ne a hannun manya, wani ma ya haɗa da istigfari saboda kamar da abin ya yi da gumaka. To amma wanda ya san yadda dattawanmu ke raba gari da juna a kan dara, bai kamata ya yi saurin dariya ba. Ga shi kuma, kamar yadda za mu gani, akwai kakanninmu a kan teburin.

Koguna biyu ne suka haɗu suka haifi wannan wasa, kuma na farko daga Jamus ya ɓuɓɓugo. Tun a ƙarni na 18 maƙeran birnin Nurembag suka shahara da zuba 'yan sojoji na kuza, shafaffu kamar kwabo, waɗanda sai ta gefe ake kallonsu. Wannan kayan wasan yara ne. Wanda ya mai da abin ilmi shi ne wani mutumin daular Furushiya mai suna Reisswitz, wanda a 1812 ya miƙa wa sarkinsu wani tebur na musamman da aka tsara don kwaikwayon yaƙi. Ɗansa, hafsan sojan igwa, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Shi ya kawo taswira ta gaskiya, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi a madadin rundunoni, da alƙali mai yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu, da kuma ƙwayar da ake jefawa don ta tsaya a matsayin sa'a da rashinta a fagen fama. Manyan hafsoshi suka karɓi abin a matsayin horo. Da Furushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka shiga tambayar ina sirrin yake, kowa ya kwaikwayi wasan a barikinsa.

A Ingila kuwa ta hanyar kasuwa abin ya shiga gidaje. A 1893 wani maƙerin kayan wasa na Landan, William Britain ƙarami, ya gano dabarar zuba narkakkiyar dalma cikin mazubi a kuma tsiyaye ta nan take kafin tsakiyar ta daskare. Sai sojan ya fito da kogo a ciki, ba nauyi, ba cin ƙarfe da yawa, ya kuma fi na Jamus arha. Kamfanin Britains ya cika shaguna da jajayen kwalaye na sojoji masu tsawon milimita 54, daga dakarun fadar sarauniya har zuwa mayaƙan Zulu da Larabawa a kan dawaki, wato dai daular Ingila da abokan gabanta duka a cikin kwali. Da irin waɗannan sojoji ne marubucin nan H. G. Wells ya riƙa kwanciya rub-da-ciki a tsakar ɗaki shi da abokansa, suna harbin rundunar juna da wata 'yar igwa mai sifirin. A 1913 ya buga dokokin wasan cikin littafinsa Little Wars, inda ya nuna fatan cewa wanda ya ɗanɗana rikicin ƙaramin yaƙi zai gane wautar babba. Shekara ɗaya tak bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke, kuma yaran da suka tashi da jajayen kwalayen nan suna cikin waɗanda aka kwasa zuwa ramukan Faransa.

Kogi na biyu na takarda ne. A 1896 wani mai buga mujallu a Niyok, Frank Munsey, ya mai da mujallarsa Argosy ta ƙagaggun labarai zalla, ya kuma buga ta a kan takarda mafi arha da ake samu, wadda ake yi da dagargajajjen itace. Takarda ce mai kaushi, mai saurin komawa ruwan ƙasa, mai marmashewa a hannu. Da sunan wannan dagargajajjen itace Amurkawa suka riƙa kiran duk irin waɗannan mujallu, mu kuwa a nan za mu kira su mujallun dusa. Santi goma ake sayar da ita, kuɗin da ma'aikacin masana'anta da ɗan makaranta za su iya fitarwa ba tare da sun kwana da yunwa ba. Da aka ga ta karɓu sai kowa ya tsunduma: Adventure a 1910, Black Mask ta labaran 'yan sandan ciki a 1920, Weird Tales ta aljanu da dodanni a 1923, Amazing Stories ta tafiye-tafiyen sararin samaniya a 1926. Bangon kowace da zane mai launi mai kama ido, galibi wata kyakkyawa cikin haɗari da wani ƙato yana shirin cetonta.

Marubutan waɗannan mujallu 'yan ƙwadago ne na alƙalami. Da kalma ake biyansu, sau da yawa santi ɗaya kowace kalma, saboda haka wanda ya tsaya gyaran jimla shi da cin abinci sai gani. Walter Gibson ya rubuta labaran jarumin nan The Shadow sama da 280 da sunan aro, a wasu shekaru littafi biyu kowane wata. Lester Dent ya rubuta mafi yawan labaran Doc Savage, wanda mujallarsa ta fito sau 181 daga 1933 zuwa 1949, shi ma ba da sunansa na yanka ba. Robert E. Howard, ɗan wani ƙaramin gari a Texas, ya ƙago Conan a 1932, ya rasu a 1936 yana da shekara talatin. Masana adabi na lokacin ba su ɗauki ko ɗayansu a bakin komai ba. Duk wanda ya tuna irin kallon da aka yi wa littattafan soyayya na Kano a shekarun 1980 da 1990, har aka laƙaba musu sunan adabin kasuwa, ya san wannan raini ba baƙo ba ne. A ko'ina abin ɗaya ne: malamai na tsaki, jama'a na karantawa.

Sai dai labarin kasada yana bukatar fage, wurin da doka ba ta kai ba, inda jarumi zai yi abin da ya ga dama. Ga marubucin Amurka ko na Ingila na wancan zamani, wannan wuri shi ne Sin, ko tsibiran tekun Fasifik, ko hamadar Larabawa, musamman kuma Afirka. Rider Haggard ya riga ya share hanya tun 1885 da littafinsa King Solomon's Mines, labarin Turawa uku masu neman ɓoyayyiyar taska a wata ƙasa da ba ta cikin taswira. A watan Oktoba na 1912 mujallar All-Story ta buga Tarzan na Edgar Rice Burroughs, jaririn Bature ɗan sarauta da birai suka rena har ya fi kowane mahaluƙi a dajin ƙarfi da wayo. Burroughs bai taɓa taka ƙasar Afirka ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Wannan bai hana Afirkar da ya ƙaga ta zama ita ce Afirka a zukatan miliyoyin mutane ba: daji ba iyaka, babu birni mai ganuwa, babu kasuwa, babu alƙali, babu malami da allonsa, kuma in an ci karo da wani gini na ban mamaki, to lalle wasu ɓatattun fararen fata ne suka gina shi.

Wanda ya fi shafarmu kai tsaye shi ne Edgar Wallace, ɗan jaridar Ingila da ya je Kongo a 1907. A 1911 ya fitar da Sanders of the River, ya kuma bi shi da jerin littattafai game da wani jami'in mulkin mallaka mai hukunta ƙabilun bakin wani babban kogi daga cikin ɗan jirginsa na ruwa. Sandan da wannan jami'i ke dogarawa a kai shi ne wata 'yar runduna ta sojoji baƙaƙe, kuma Wallace ya kira su da sunan da kowane Bature na lokacin ya sani, wato Hausawa, ko da yake da irin rubutunsa na Houssa. Su ke harba bindiga mai ruwa, su ke kama mai laifi, su ke tsayawa a bayan Bature ba su cewa uffan. Da aka mai da labarin fim a 1935 aka ce a Nijeriya abin ya faru. Mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, ya fito a ciki, daga baya da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin don yabon mulkin mallaka sai ya barranta da shi.

Yana da kyau mu ɗan ratse a nan. A 1933, shekarar da Doc Savage ya bayyana a Niyok, a ita ce Rupert East ya shirya gasar da ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko. Cikinsu akwai Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya gwabza da Turawa a yaƙe-yaƙen zuwansu, sa'an nan ya nausa gabas ya ci gaba da fafatawa da aljanu. Ta fuskar zubi, Ganɗoki ɗan'uwan Conan ne na jini: ga takobi, ga kirari, ga yawon ƙasashe, ga abokan gaba ba adadi. Bambancin kawai shi ne a wane gefen bindiga mai ba da labari yake tsaye. Da a Amurka aka haifi Ganɗoki, da tuni an zuba shi da dalma a kan doki, da sunansa a jikin kwali.

Mujallun dusa ba su daɗe ba bayan yaƙin duniya na biyu. Takarda ta yi tsada, ƙananan littattafan aljihu da mujallun zane suka kwashe masu karatu, talabijin ta ƙarasa sauran. A 1949 kamfanin Street & Smith, wanda ke buga The Shadow da Doc Savage, ya rufe wannan sashe nasa. Amma yaran da suka karanta su sun girma, kuma a hannunsu ne kogunan nan biyu suka gamu. A garin Southampton na Ingila, Donald Featherstone ya buga littafinsa War Games a 1962, wanda ya farfaɗo da wasan Wells ga manya. Abokinsa Tony Bath ya ɗauki ƙagaggiyar duniyar Conan ya mai da ita fagen wani dogon wasa da aka shekara da shekaru ana bugawa, da sarakuna da rundunoni da baitulmali. A Amurka Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a 1971, dokokin yaƙin mayaƙan sulke da aka ƙara wa matsafa da dodanni, daga nan kuma Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Sauyin da wannan ya kawo babba ne. A da mutum-mutumi ɗaya yana wakiltar sojoji ashirin ko ɗari. Yanzu ya zama mutum guda mai suna da hali da tarihi. Da fim ɗin Raiders of the Lost Ark ya fito a 1981, wanda da gangan aka gina shi a kan tsofaffin labaran kasada na shekarun 1930, sai Bature mai malafa da bulala ya dawo da ƙarfinsa, masu wasa kuma suka shiga neman wanda zai zuba musu shi.

Masu zubin suna nan, da yawansu a kewayen birnin Notingham, inda kamfanin Games Workshop ya kafa hedkwatarsa, ƙananan kamfanoni kuma suka tsiro a gindinsa. Aikin nasu maƙerin farfaru na Kano ko na Bida zai gane shi da kallo ɗaya. Mai sassaƙa yakan lanƙwasa siririyar waya ta zama ƙashi, ya cuɗa wani danƙo mai kala biyu, shuɗi da rawaya, har ya koma kore, ya riƙa ɗora shi kaɗan-kaɗan da tsinke yana fitar da hanci da maɓalli da kuben wuƙa a jikin abin da tsawonsa bai wuce milimita 28 ba. In ya bushe sai a danna shi tsakanin faya-fayan roba biyu a gasa, siffarsa ta zauna a ciki. Wannan mazubi ake ɗorawa a kan injin da ke juya shi da sauri, a tsiyaya narkakken ƙarfe ta tsakiya, juyawar ta watsa shi cikin kowane lungu. Da can dalma ce tsagwaronta da ɗan kuza, amma tun daga wajen 1993, da hukumomin jihar Niyok suka ta da maganar gubar dalma, kamfanoni da yawa suka koma ga gaurayen da kuza ta fi yawa a ciki. Yau kuma roba da injin ɗab'i mai fitar da siffa sukutum sun shigo, har mutum na iya sayen zanen ta intanet ya zuba abinsa a ɗaki. Cikin masu sassaƙa irin waɗannan jarumai an san Mark Copplestone, wanda a ƙarshen shekarun 1990 ya yi wa kamfanin Wargames Foundry wani dogon jeri mai suna Darkest Africa, da kuma Bob Murch na Kanada mai kamfanin Pulp Figures.

Wasan kansa ba ya cin mutane da yawa. Kowane ɗan wasa na da jarumi ɗaya da mataimaka huɗu ko biyar, tebur kuma bai fi faɗin tabarma ba, ana tseren kai wa ga wata taska ko kuɓutar da wani fursuna. Amma tarawa daban, wasa daban. Mazubin roba yana lalacewa, ƙananan kamfanoni suna mutuwa, saboda haka abin da aka saya da 'yan sulalla bana yana iya zama abin nema ruwa a jallo bayan shekara goma. Kusan kowane mai tarawa yana da tulin waɗanda ya saya bai yi musu fenti ba, kuma ya san ko ya shekara ɗari ba zai gama ba, gobe kuma zai ƙara saye.

A wurin sayen ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yake. Jarumi da jaruma da mugun masani, kowane da siffarsa ta kansa, sau da yawa da sunansa. 'Yan dako da mayaƙan ƙabila da askarawa kuwa a ƙunshi ake sayar da su, kamar goro, kuma a dokokin wasa da dama su ne ake kwashewa daga tebur da jifa ɗaya na ƙwaya. Askarin nan mai jar dara da gajeren wando yana da tarihi na gaske. A 1863 John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas, mafi yawanta bayi ne masu jin Hausa da suka gudo daga iyayen gijinsu, aka riƙa kiranta Hausawan Glover; daga gare ta ne sojan Nijeriya na yau ke ƙirga asalinsa. An kai su yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874. Da Sarki Leopold na Beljiyam ya kafa rundunarsa a Kongo a tsakiyar shekarun 1880, daga gaɓar Afirka ta Yamma ya ɗebo wasu daga cikin sojojinsa na farko, da Hausawa a ciki, kuma kowa ya san irin ta'asar da waccan runduna ta yi. Sojojin da suka fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, 'yan tsirarun Turawa ne ke ba su oda, amma masu jan kunamar baƙaƙe ne, da yawansu da Hausa suke magana. Ba za mu iya cewa mu waɗanda aka zalunta ne kawai a wannan labari ba. Muna gaban bindigar, muna kuma bayanta.

Masu wannan wasa suna da amsarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Sukan ce su ma sun san Afirkar Tarzan ƙarya ce, dariya suke yi mata, kamar yadda mai kallon wasan kwaikwayo ya san sarkin da ke kan dandamali ba sarki ba ne. Gaskiya ne kuma cewa wasunsu, saboda son su yi fentin garkuwa daidai, sun karanta tarihin Azande da Ngoni da Mahadin Sudan fiye da yawancin ɗalibanmu. A 'yan shekarun nan an ga masu sassaƙa suna fitar da jarumai mata da jarumai baƙaƙe masu sunansu, kamar yadda tun a 1981 marubuci Charles Saunders ya fitar da littafin Imaro don ya zama amsa ga Tarzan. Duk da haka muna ganin ƙaryar da aka sani ƙarya ce, in aka yi shekara ɗari ana jera ta a kan tebur kowane mako, takan bar tabo a ido. Yaron da ya tashi yana ganin wane ne ke da suna, wane ne ake saye a ƙunshi, ya koyi wani abu ko da ba wanda ya faɗa masa da baki.

Shi kansa Wallace, cikin dukan rundunar da ya jera a bayan jami'insa, 'yan kaɗan ya raɗa wa suna, kuma wanda aka fi tunawa shi ne wani saje amintacce da ke biye da maigidan duk inda ya sa ƙafa. Ya rubuta sunan Abiboo, yadda kunnensa na Bature ya jiyo masa, haka kuma masu karatu a Landan da Niyok suka yi ta furta shi shekara da shekaru. Habibu ne sunan mutumin.